Ikweshan biyu a kan garaf: wa ya yi daidai, kuma mene ne amfanin wahalar?

Wani ɗalibi ɗan aji biyu a babbar sakandare ya turo mini tambaya. An ba su aikin gida, x + y = 5 da 2x − y = 2, aka ce su nemo x da y ta hanyar zanen garaf. Shi ya samu 2.3 da 2.7, abokin zamansa ya samu 2.4 da 2.6. Da suka koma suka yi da hanyar kawarwa, wadda suke ce wa eliminashan a aji, wato a haɗa ikweshan biyun ko a cire ɗaya daga ɗaya har harafi ɗaya ya ɓace, sai ga 2⅓ da 2⅔. Ya ce: "Malam, wa ya yi daidai a cikinmu? Kuma tunda kawarwa ba ta cin minti biyu, ga amsa cif, me ya sa za a sa mu ɓata takarda da fensir?"

Ɗana, tambayoyinka biyu ne, ta biyun kuma ta fi nauyi. Bari in fara sallamar ta farkon.

Babu wanda ya yi shirme a cikinku. Amsar gaskiya ita ce biyu da sulusi, da biyu da sulusi biyu, wato 2.333… da 2.666…, ita kuwa takardar garaf ba ta da gidan sulusi. In ka ɗauki ma'aunin da aka saba, santimita 2 a matsayin 1, to tsakanin 2 da 3 akwai ƙananan gidaje goma, kowanne 0.1. Mahaɗar layukanku a tsakiyar gida ta faɗa, tsakanin 2.3 da 2.4, ta ɗan fi karkata wajen 2.3. Kai ka karanta bangon da ya fi kusa, shi ya karanta ɗaya bangon. In kana son ganin bambancin da idonka, mayar da amsoshin cikin ikweshan na biyu. Taka: 2 sau 2.3 ya ba da 4.6, a cire 2.7, saura 1.9, ana neman 2, ka gaza da 0.1. Tasa: 4.8 a cire 2.6, saura 2.2, ya zarce da 0.2. Taka ta fi kusa, amma kada ka je kana yi masa kuri, kaurin bakin fensir kaɗai ya isa ya kawo wannan tazarar. Masu duba takardun jarrabawa sun san da haka, shi ya sa ake barin ɗan sassauci a duk amsar da aka karanto daga garaf.

To, ta biyun. In lamba kawai kake nema, da gaskiyarka. Kawarwa ta fi sauri, ta fi daidai, ni kaina in aka tsare ni da ikweshan biyu a bakin hanya ba zan tafi neman rula ba. Sai dai na daɗe a gaban allo, na ga yaran da za su kawar da y sau ɗari suna cin maki, alhali in ka ce musu wannan 3 da 4 da kuka samu mene ne su, sai ido. Ranar da aka ba su wanda ya ƙi kawaruwa, suka ga 0 = 1 a ƙarshen aiki, sai su goge su sake, su goge su sake, har takarda ta huje, suna zaton su ne suka yi kuskure. Da sun taɓa ganin abin a zane da sun san laifin ba nasu ba ne.

Ɗauki x + y = 7 shi kaɗai. In na ce ba ni amsarsa, me za ka ce? 3 da 4? Daidai. 1 da 6? Daidai. 2.5 da 4.5 ma sun yi, −1 da 8 ma sun yi. Ikweshan ɗaya mai haruffa biyu amsoshinsa ba sa ƙirguwa. Layin nan da kake ja da rula, amsoshin ne gaba ɗayansu aka jera, kowace amsa ɗigo guda, suka yi yawa har suka manne da juna. Duk ɗigon da ke kan layin amsa ce, duk wanda ya kauce ko da kaɗan ba amsa ba ce.

Akwai shekarar da na gaji da faɗin wannan a allo, na fitar da 'yan ajina fili bayan an dawo daga tara. Muka roƙo toka a wurin masu sayar da abinci, muka ja layi biyu a ƙasa, ɗaya kwance ɗaya tsaye, taki ɗaya lamba ɗaya. Na ware yara takwas, na ce kowa ya zaɓi lambobi biyu da in an haɗa su za su ba da 7, ya taka ta farkon zuwa dama, ta biyun zuwa gaba, ya tsaya a nan. Da suka gama tsayawa suka waiga, sai suka ga sun yi sahu kamar na salla, amma a karkace, yana gangarowa daga hagu zuwa dama. Yaro ɗaya ne ya fita daga sahun da taki guda. Kafin in buɗe baki 'yan'uwansa sun yi masa ca, ashe 2 da 6 ya ɗauka. Sai na ware wasu biyar, na ba su wata doka daban: ninka lambar farko, cire ta biyu, a samu 2. Wannan ya tsaya a 1 da 0, wancan a 2 da 2, wani a 4 da 6. Su ma suka yi nasu sahun, wanda ke hawa sama da tsini. Can sai gardama ta tashi: yaro ɗaya daga rukuni na biyu ya ƙirga takinsa, 3 dama 4 gaba, ya tarar da wani ɗan rukunin farko tsaye a wurin, kowa na cewa wurinsa ne. Na bar su suka yi ta musu na ɗan lokaci, don dukansu suna da gaskiya. 3 da 4 sun ba da 7. Ninkin 3 a cire 4 ya ba da 2. A duk faɗin filin nan wurin kaɗai ne ya cika doka biyun, kuma shi ake nufi in an ce a warware x + y = 7 da 2x − y = 2 tare.

A takarda ma abin da ake yi ke nan, sai dai ɗigo ne ke tsayawa a madadin yaro. Tunda layin miƙaƙƙe ne, ɗigo biyu sun isa a ja shi, kuma mafi arhar ɗigo su ne inda layin ya ratsa layin y na tsaye da inda ya ratsa layin x na kwance. Sa x = 0 ka nemi y, sa y = 0 ka nemi x. Na farko ya ba ka (0, 7) da (7, 0). Na biyu, in x = 0, to −y = 2, wato y = −2; in y = 0, to 2x = 2, wato x = 1. Ka samu (0, −2) da (1, 0).

Tsaya nan ka dubi waɗannan biyun na ƙarshe. Suna kusa da juna ƙwarai, kuma mahaɗar da kake nema tana can nesa da su. In ka ɗora rula a kan ɗigo biyu da ke manne da juna, ka kauce da rabin milimita a ɗaya, kafin layin ya kai saman takarda kaucewar ta ninka sau huɗu ko biyar. Ina kyautata zaton irin wannan ne ya kai abokinka 2.4. Maganinsa ɗigo na uku mai nisa: sa x = 5, y ya zama 8, ka sami (5, 8). Ka ɗora rula a kan na ƙasa da na sama, na tsakiyar ya zama mai shaida. In ɗigo uku suka ƙi zama a layi ɗaya, akwai kuskuren lissafi a ɗayansu, kada ka lanƙwasa layi don ka faranta musu.

Amma akwai kuskuren da ɗigo na uku ba ya kamawa, kuma shi ya fi cin ɗalibai. Yaro zai ce bari ya juya 2x − y = 2 ya mayar da y gefe ɗaya tukuna, sai ya rubuta y = 2 − 2x a madadin y = 2x − 2. Alama ɗaya ta juye. Daga nan duk ɗigon da ya fitar, uku ne ko goma, za su jeru tsaf a layi, layin ya fito da kyau, amma layin wani ikweshan ne daban. Don haka ko da ka juya, ɗauki ɗigo ɗaya ka gwada shi a cikin ikweshan na asali, wanda aka rubuta a takardar tambaya. Daƙiƙa goma ce.

Kada ka ja layin x da layin y sai ka gama fitar da ɗigoginka duka ka dube su. A nan y ya tashi daga −2 zuwa 8, x daga 0 zuwa 7. Ke nan layin kwance ba zai zauna a gindin takarda ba, sai ka ɗaga shi ka bar wa −2 wuri a ƙasa. Wanda ya fara jan layuka kafin ya duba, shi ne za ka ga ya liƙa wata 'yar takarda a gefe ko ya matse lambobi a ƙarshe, tazarar 6 da 7 ba ta kai ta 1 da 2 ba. Da zarar tazara ta bambanta a layi ɗaya, zanen ya mutu. In an ba ka ma'auni a tambaya, bi shi ko da ba ka so. In kai za ka zaɓa, ɗauki santimita 2 a matsayin 1, ko 2, ko 5, ko 10, don ƙaramin gida ya zama 0.1, 0.2, 0.5 ko 1. Wanda ya ɗauki 3 ya sa kansa a uku, kowane gida 0.3, sai ya nemi 1 ya rasa inda yake. Layin x da layin y ba dole ma'auninsu ya zama ɗaya ba.

Saura ƙananan abubuwa: fensir mai tsini, ba biro ba; layi ya wuce ɗigogi ya kai bakin takarda; a rubuta wa kowane layi ikweshan ɗinsa a jikinsa; daga mahaɗa a sauko da ɗigo-ɗigo zuwa layin x, a kuma ja zuwa layin y; a rubuta x = 3, y = 4 a fili, kada a bar wa mai dubawa ya nemo da kansa. Sai kuma x = 3 da y = 2 in sun zo su kaɗai a matsayin ikweshan. Yara suna juya su kullum. x = 3 yana nufin duk wurin da takin dama ya kai 3, ko nawa ne takin gaba, saboda haka tsaye yake kamar turke. y = 2 shi ne kwance.

Yanzu bari in kai ka inda zane ke faɗin abin da kawarwa ba ta faɗa. Mu ƙaddara wani manomin rani yana neman hayar injin ban ruwa, mutum biyu ke da shi a ƙauyen. Na farko ya ce a ba shi naira 3,000 kuɗin ɗauko inji, sannan 1,000 kowace awa. Na biyu ya ce shi ba ya karɓar kuɗin ɗauko, amma awarsa 1,500 ce. In x awanni ne, y kuma kuɗi a dubbai, na farko y = x + 3, na biyu y = 1.5x. Warware su: 1.5x = x + 3, rabin x ya zama 3, x = 6, y = 9. Madalla. Je ka gaya wa manomin nan "x = 6, y = 9" ka ga kallon da zai yi maka. Shi abin da ya dame shi, injin wa zai ɗauka?

Zana su. Layin na farko ya tashi daga 3 a jikin layin y, yana hawa a hankali. Layin na biyu ya tashi daga sifili, can ƙasa, amma yana hawa da sauri. Tun daga farko har awa 6 layin na biyu ne a ƙasa, shi ne mai arha: a awa 2, 3,000 ne a wurinsa, 5,000 a wurin na farko. A awa 6 suka yi kiciɓis a 9,000. Daga nan na biyu ya haye sama ya bar na farko a ƙasa: a awa 10, na farko 13,000, na biyu 15,000, kuma giɓin sai ƙara buɗewa yake. Tazarar da ke tsakanin layukan a kowace awa ita ce kuɗin da zai rage a aljihun manomi in ya zaɓi daidai. Mai 'yar fadamar da awa uku ta ishe ta ya tafi wurin na biyu, mai babbar gona ya biya kuɗin ɗauko. Mahaɗar nan iyaka ce tsakanin shawara biyu, kuma sai a zane ake ganin gefenta biyu.

Ka lura kuma da abin da ya faru da y = mx + c ɗin da kuke haddacewa. c ya zama kuɗin ɗauko, abin da za ka biya ko ba a tayar da inji ba, shi ya sa yake zaune inda x yake sifili. m kuwa, karkatar layi, wadda ake ce muku giradiyan, ita ce kuɗin awa: duk takin da ka yi dama, nawa layin ya hau. Wanda ya gane wannan ya daina haddace su. Wani abu kuma: dabarar sa x = 0 sannan y = 0 ba ta aiki a y = 1.5x, don sau biyun duk ɗigo ɗaya za ta ba ka, (0, 0). Duk layin da ya bi ta tsakiyar nan sai ka zaɓo wasu lambobin da kanka, misali x = 4 ya ba da 6, x = 8 ya ba da 12.

To in na biyu ya sauko da awarsa ta koma 1,000 fa, daidai da ta na farko? Layukan sun zama y = x da y = x + 3. Karkatarsu ɗaya, mafarinsu daban. Za su yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan layin dogo, tazarar 3,000 na nan a tsakaninsu har abada. Babu awar da kuɗinsu zai zo ɗaya. Tambayar ba ta da amsa, kuma faɗin haka shi ne amsa daidai.

A jarrabawa ba za su ba ka shi a buɗe haka ba, rufe shi ake yi. Uwargida ta aiki yaro kasuwa, ya dawo da mudu 2 na shinkafa da mudu 1 na wake, ya ce 8,000 ya biya. Washegari ta aiki wansa, ya sayo mudu 4 na shinkafa da 2 na wake, ya ce 16,000. Tana son ta san kuɗin mudun kowanne. 2x + y = 8 da 4x + 2y = 16. Ikweshan biyu, haruffa biyu, kamar komai ya cika. Zana na farko: (0, 8) da (4, 0). Zana na biyu: (0, 8) da (4, 0). Layi na biyu ya kwanta a kan na farko daram. Wan bai zo da wani sabon labari ba, maganar ƙanensa ya ninka. Shinkafa 3,000 wake 2,000 ya yi; shinkafa 2,500 wake 3,000 ma ya yi; duk ɗigon da ke kan layin ya yi. In ka bi ta kawarwa, 0 = 0 za ka tarar, magana ce ta gaskiya wadda ba ta gaya maka komai.

In kuwa wan cewa ya yi 15,000, to 4x + 2y = 15. Layinsa ya ratsa a (0, 7.5) da (3.75, 0), ɗan ƙasa kaɗan da na farko, yana biye da shi ba sa haɗuwa. Ninka na farko biyu ka cire, ga 0 = 1 ɗin nan da ke huda wa yara takarda. Ma'anarsa, babu farashi guda da zai gaskata yaran biyu. Ko dai an yi wa wan ragin 1,000 don ya sayi da yawa, ko farashi ya motsa a kwana ɗaya, ko ƙanen ya taɓa canji. Lissafi ba zai faɗa maka wanne ba, iyakarsa ya ce maganar ba ta haɗu ba.

Layi biyu miƙaƙƙu a takarda ba su da hali na huɗu: su gitta sau ɗaya, ko su jera ba haɗuwa, ko su zama abu ɗaya. Kana iya sanin wanne ne tun kafin ka fere fensir, in ka mayar da kowanne y = mx + c ka dubi m. In sun bambanta akwai mahaɗa guda, ko da ta faɗa wajen takardarka. In m ɗaya ne, sai ka dubi c.

Akwai wani hali da ba a cika koyarwa a sakandare ba, ni kuwa ina ganin ya fi wasu abubuwan da ake ɓata mako a kansu muhimmanci: layukan da suka kusa jerawa amma ba su jera ba. Ɗauki y = x + 1 da y = 1.1x. Suna haɗuwa a (10, 11). Zana su ka gani. Tun daga wajen 8 har 12 layukan kamar a manne suke, ka rasa takamaiman inda suka gitta. Yanzu ɗaga na farko da ƙaramin gida ɗaya tak, ya zama y = x + 1.1. Mahaɗa ta yi tsalle ta koma x = 11, gida goma cur. Gwada irin wannan a misalinmu na fili, ka mayar da 7 ya zama 7.1: x ya motsa daga 3 zuwa kimanin 3.03, ko a ido ba za ka gani ba. Za ka ce to ai ga raunin garaf nan, a koma kawarwa. In lambobin na littafi ne, haka ne. Amma in awo aka yi aka samo su, da tef ko da sikeli, to 1 ɗin nan wataƙila 1.1 ne tun asali, kuma kawarwa za ta miƙo maka 10 cif ba tare da ta gaya maka cewa a kan siraɗi amsar take ba. Zane kuwa kallo ɗaya za ka yi masa ka san kada ka yarda da ita. Masu safiyo, wato masu auna filaye, sun san wannan sarai: in za su tsayar da wuri ta hanyar hango shi daga tashoshi biyu, suna neman layukan hangen su gitta da faɗi, kusa da kusurwar murabba'i, ba a tsuke ba.

Af, hanyar da ka fi so ita ce babba a shekaru, ka san wannan? Kusan shekara dubu biyu da suka wuce masu lissafi a ƙasar Sin suna jera 'yan sanduna a kan allo, suna rage jeri daga jeri har abu ɗaya ya saura, kawarwa ke nan tsantsa. Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 820, wanda daga sunan littafinsa kalmar aljebra ta fito, da jimloli yake rubuta lissafinsa, babu x babu y. Sai a 1637 Bafaranshen nan René Descartes, ana furta sunan Dekart, ya buga aikin da ya ɗaura auren aljebra da zane, a daidai zamanin da ɗan ƙasarsu Pierre de Fermat ya kai ga irin wannan tunanin a gefensa. Al'adar kiran abin da ba a sani ba x, y da z ma daga Dekart ta yaɗu. Abin da auren nan ya haifar ya wuce layi biyu miƙaƙƙu nesa ba kusa ba, ana dai fara muku da su ne don a nan kana da wata hanyar da za ka binciki zanenka.

Gaba kaɗan za a ba ka lanƙwasasshen layi da miƙaƙƙe a takarda ɗaya, irin tambayar da ke yawan zuwa a jarrabawar WAEC da NECO. Misali y = x² − 2x − 3 da y = x + 1. Tunanin bai canja ba ko kaɗan, inda suka gitta nan ne amsa, sai dai yanzu wuri biyu ne, (−1, 0) da (4, 5). Wannan ma aljebra na iya shi. To 2ˣ = x + 3 fa? Juya shi duk yadda kake so, kawarwa da maye gurbi da duk dabarun da ke littafinku ba za su fito maka da x ba. Zana y = 2ˣ da y = x + 3, ka ga sun gitta a wajen 2.4, sun kuma gitta can hagu a wajen −2.9, inda da wuya ka yi zaton akwai wata amsa. Wanda ya raina garaf a aji biyu, a nan zai neme shi.

Shi ma yana da inda ƙarfinsa ya ƙare. In haruffa suka zama uku, kowane ikweshan ya tashi daga layi ya zama shimfiɗa, kamar bango biyu da daɓen ɗaki da suka haɗu a lungu guda. Lungun shi ne amsa, amma takarda ba za ta ɗauke shi ba, dole a koma kawarwa. Daga huɗu zuwa sama ko a zuci ba ya zanuwa.

In kana da waya a gida, GeoGebra da Desmos duk kyauta ne, ka rubuta ikweshan su zana maka nan take. Kada ka fara da su. Yi naka da hannu tukuna, sannan ka duba. Inda suka fi amfani shi ne wasa: rubuta 2x + y = 8 da 4x + 2y = 15, ka riƙa canja 4 ɗin zuwa 4.5, zuwa 4.1, zuwa 4.01, ka ga yadda mahaɗa ke gudu tana fita daga fuskar wayar kafin ta ɓace gaba ɗaya a 4. A ɗakin jarrabawa kuwa daga kai sai rula. In tambaya ta ce a yi da garaf, yi da garaf, don makin yana rarrabe ne a kan jadawalin ɗigogi, da ma'auni, da layukan, da karatun mahaɗa. Amsa tsirara daga kawarwa ba za ta kwaso su ba. Ba laifi ka yi kawarwa a gefe don ka san inda ya kamata layukan su haɗu. Amma abin da zanenka ya nuna shi za ka rubuta. In ka rubuta 2⅓ a ƙarƙashin garaf mai gidajen 0.1, duk malamin da ya san aikinsa ya san ba daga nan ka karanto ta ba. 2.3 da 2.7 ɗinka su ne amsar garaf.

Ga uku ku yi kai da abokin naka, kowa a takardarsa, santimita 2 a matsayin 1: x + 2y = 8 da 3x − y = 3; sai x + y = −1 da 2x − y = −5; sai 2x + 3y = 6 da 4x + 6y = 18. A ɗaya daga ciki sai kun matsar da layin y zuwa tsakiyar takarda kafin mahaɗa ta samu wuri. Ɗaya kuma ko kun haɗa takarda goma ba za ku ga mahaɗarsa ba, ku duba m ku gaya mini wanne ne kafin ku ja layi.